Ɗana mai karatun likita a Masar yana son koyon nutso a teku, in bar shi?

Tambayar ta fito ne daga wani dattijo ɗan kasuwa a nan Maraɗi. Ɗansa yana shekara ta huɗu a karatun likita a Alƙahira. Ya bugo waya yana neman jika 250 don ya tafi Dahab, bakin Bahar Maliya, a hutun bayan jarrabawa, ya koyi nutso cikin teku da tukunyar iska a baya. Mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba. Alhaji ya ce yaron bai taɓa neman kuɗin banza ba, amma iyakar ruwan da ya sani shi ne gulbi da damina da tabkin Madarunfa. Yana so ya sani: abin nan yana kisa? Zai ɓata masa karatu? Ya tura kuɗin ko ya hana?

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya kuma sanyaya zuciyar Hajiya. Ni likitan sa barci da farfaɗo da marasa lafiya ne, kuma ina ɗalibi a waje na koyi wannan nutso da ɗanku yake magana a kai. Shawarata ita ce kada ku hana shi, amma kada ku tura jika 250 ɗin yanzu. Akwai abu biyu da za su riga kwas ɗin, wato gwajin lafiya da koyon iyo na gaskiya, kuma su ya kamata kuɗinku ya fara biya.

Dalilin da na ce kada ku hana shi ne, saurayin da ya kai wannan shekaru, a ƙasar waje, cikin abokai masu tafiya, in an ce masa a'a ba lalle ya fasa ba. Zai tsakuro daga kuɗin abincinsa, ya nemi wuri mafi araha, ya ɓoye muku. Tun da ya gaya muku ya nemi izini, kuna da bakin gindaya masa sharuɗɗa. Wannan dama ce, kada ta kuɓuce.

Hajiya tana da gaskiya a wuri guda: abin yana kisa. Sai dai ba ta hanyar da take tsoro ba. Kifin shak da ake nunawa a talabijin yana nan a Bahar Maliya, kuma ya taɓa kashe masu wanka a can, amma a duniya baki ɗaya mutanen da yake kashewa a shekara ba su cika wuce goma ba. Abin da ke halaka mai nutso yawanci shi ya sauka da kayansa: iskar da ke ƙirjinsa, yanayin jininsa, da gaggawar da ke kansa.

A bakin teku iskar da ke samanmu tana danne mu da nauyin da ake kira bar 1. Ba mu jin ta domin cikinta aka haife mu. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba, kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar 1. A mita 10 ke nan mutum yana ƙarƙashin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Nama da jini ba su damu ba, don yawancinsu ruwa ne, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Iska ce ke matsuwa. Malaman nutso sukan nuna wa ɗalibi wannan da gorar roba ta ruwan sha. A rufe ta babu komai ciki a saman ruwa, a sauka da ita. A mita 10 ta lotse ta koma rabi, a mita 30 ta zama falle. In kuma a can ƙasa aka cika ta da iska daga tukunya aka rufe, aka hauro da ita, sai ta iso sama ta yi tamau, murfin yana neman tsalle. Gora tana jure wannan. Huhun mutum ba ya jurewa.

A nan ne nake son ku saurara da kyau, don ya shafi yaran gulbi kai tsaye. Duk yaron da ya yi wasa a gulbin Maraɗi ya iya kurme: ya ja numfashi, ya riƙe, ya nutsa, ya fito. Wannan ba ya fasa huhu, domin iskar a sama ya ɗauke ta, ta matsu da ya sauka, ta dawo daidai yadda take da ya hauro. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake shan iskarsa. Kan tukunyar yana da na'ura mai rage ƙarfin iska, irin ta tukunyar gas ɗin girki, tana ba shi iska daidai da matsin ruwan da yake ciki. Cikon ƙirji ɗaya a mita 10 ya ninka na sama sau biyu. In ya firgita ya riƙe numfashi ya yi sama, iskar nan za ta buɗe ta ninka, ba ta da hanyar fita, sai ta yaga huhu. Wani lokaci ta taru a ƙirji ta danne huhun, wani lokaci ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya fito saman ruwa ya faɗi cikin 'yan mintoci kamar mai shanyewar ɓarin jiki. Kuma ba sai da zurfi ba. Hawan mita ɗaya da 'yan kai da cikakken ƙirji a riƙe ya isa ya yi ɓarna, mita 10 na ƙarshe kuwa su suka fi haɗari domin a nan iska ke ninkawa. Shi ya sa doka ta farko a nutso ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Ɗanku zai zo wa wannan doka da jikin da ya saba da akasinta tun yana ƙarami, kuma sabo ba ya fita da karatun littafi. Sai da maimaici a ruwa marar zurfi, gaban malami mai haƙuri.

Kunne ma yana da iska a ciki, bayan dodon kunne. Tun daga mita biyu mutum zai ji ruwa yana danna shi. Sai ya toshe hanci ya hura a hankali, iska ta bi 'yar hanyar da ta haɗa bayan hanci da kunne ta daidaita. Mai mura ba zai iya ba, hanyar a kumbure take, don haka mai mura ba ya nutso, ko da ya riga ya biya kuɗi. Ɗalibin likita yana da wata dabara a nan wadda nake tsoro: ya san sunan maganin buɗe hanci, zai ɗiga ya sauka. In maganin ya sake shi yana can ƙasa, hanyar ta sake toshewa, iskar da ta shiga kunne ta rasa mafita lokacin hawa, kuma hawa dole ne tunda iskar tukunya ƙarewa take.

Yanzu ga cutar da aka fi sanin nutso da ita. Mutane suna ɗauka oksijin ne a tukunyar. A'a, iskar duniya ce aka tace aka matse, kashi 21 cikin 100 oksijin, kashi 78 azot, wato naitirojin. Tsantsar oksijin ma guba ce in an wuce mita 6, tana sa jijjiga a cikin ruwa. Azot ɗin nan jiki ba ya aiki da shi, amma a ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jini da nama, gwargwadon zurfi da daɗewa. In an hauro a hankali yana komawa huhu ya fita da numfashi. In an hauro da sauri sai ya tashi kumfa a cikin jiki. Kumfar ta tsaya a gaɓa, mutum ya ji ciwo mai nuƙurƙusa a kafaɗa ko gwiwar hannu. Ta tsaya a laka, ƙafafu su mutu, fitsari ya ƙi fita. Wani Bafaranshe, Paul Bert, shi ya gano sababin a 1878, wani likitan Birtaniya kuma, John Scott Haldane, ya fitar da jadawalin hawa daki-daki a 1908. Jadawalin da ake ba sabon ɗalibi yau yana cewa a mita 18 kada a wuce minti 56, a mita 30 minti 20, a mita 40 minti 9 kacal. Ana hawa kamar mita 9 ko 10 a minti, sannan a tsaya a mita 5 na minti 3 kafin a fito. Masu nutso yanzu suna ɗaura 'yar kwamfuta a hannu mai wannan lissafi, amma ita faɗa kawai take yi, ba ta riƙe ƙafar mai taurin kai.

In cutar ta kama mutum, maganin farko tsantsar oksijin ce da ruwan sha, sannan a kai shi ɗakin matsi, wani ɗaki na ƙarfe da ake rufe majiyyaci a mayar da shi ƙarƙashin matsi kamar na mita 18, yana shaƙar oksijin, a sassauta a hankali cikin awa biyar ba kaɗan. A wannan fanni ɗanku ya yi sa'ar ƙasa. Akwai irin wannan ɗaki a Dahab, da Sharm El-Shek, da Hurgada, da likitocin da aikinsu ke nan kullum.

Wani tarko da ɗalibai ke faɗawa saboda hutunsu gajere ne: azot bai gama fita daga jiki ba don an fito daga ruwa. Hawa jirgin sama ko hawa dutse yana rage matsin da ke kan mutum, kumfar da ba ta tashi ba sai ta tashi. Ƙa'ida ita ce awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, ni kuwa awa 24 nake ce wa kowa. Daga Dahab ake ɗaukar mutane da dare zuwa Dutsen Ɗuri Sina su ga fitowar rana, kuma wane ɗalibi Musulmi ne zai zo nan kusa bai so ya hau ba? Tsawon dutsen mita 2,285 ne. Ya hau shi kafin nutso, ko ya bar kwana guda cur a tsakani. Haka in daga can zai taho gida hutu. In ciwon ya bayyana bayan ya sauka Yamai, ya yi nisa da ɗakin matsi, kuma likitan da zai gan shi da ciwon gaɓoɓi da kasala zazzaɓin cizon sauro zai fara tunani.

Sai maganar jini, wadda ita ce ta fi damuna, domin malamin nutso Bature ko Bamisire ba lalle ta zo masa a rai ba, alhali a wurinmu ita ce kan gaba. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini. Mai SS, wato wanda ya gaji ƙwayar nan ta S daga uwa da uba duka, ba ya nutso, babu ja a kai. Mai SC, wanda ya gaji S daga ɗayan iyaye da wata ƙwaya mai suna C daga ɗayan, shi ma haka, kuma shi ne abin tsoro, don yakan kai shekara ashirin da wani abu bai taɓa kwanciya asibiti ba, yana ɗauka lafiyarsa ƙalau, sai ɗan ciwon ƙashi lokacin sanyi da ake cewa sanyi ne ya kama shi. Nutso ya tara duk abin da ke tayar da wannan ciwo. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, ko a Bahar Maliya mai ɗumi mutum yakan fito yana karkarwa. Iskar tukunya busasshiya ce, shiga ruwa kuma yana sa yawan fitsari, sai jini ya yi kauri. Ga wahalar iyo in igiyar ruwa ta juya. Sannan in ciwon gaɓa ya taso bayan an fito, ba mai iya rabewa nan take ko kumfar azot ce ko amosani. Mai AS kuwa, wanda ya gaji S daga ɗayan iyaye kawai da lafiyayyar ƙwaya daga ɗayan, likitocin nutso da yawa suna barinsa, wasu suna ɗari-ɗari. Ni ina bari, bisa sharaɗin shan ruwa sosai, da riga mai kauri, da nisantar zurfi da wahala, kuma likitan nutso ya gan shi ido da ido. Kada ya ce muku an taɓa yi masa gwajin Emmel yana yaro. Wannan gwaji yana nuna akwai ƙwayar S ne kawai, ba ya raba AS da SS ko SC. Wanda ake so shi ne gwajin jinin da ke raba su, elektroforez na haemoglobin, kuma a asibitin da yake karatu ana yin sa. Ko ya fasa nutso, takardar za ta yi masa amfani ranar da ya tashi neman aure.

Sauran tarihin lafiyarsa yana wurin Hajiya, kuma ina roƙon ku sa ta cikin wannan magana maimakon a lallashe ta kawai. Ita ta san ko kunnensa ya taɓa zubar da mugunya yana yaro, abin da ke barin huda a dodon kunne. Ruwa mai sanyi in ya shiga ta hudar nan, jiri da amai ke kama mutum a ƙarƙashin teku, ya rasa ina ne sama. Ita ta san ko ya taɓa farfaɗiya ko suma, ko ƙirjinsa yana kuka da hunturu, ko ya taɓa shan maganin tarin fuka na wata shida. Farfaɗiya tana hana nutso. Huhun da ya taɓa fashewa da kansa yana hanawa. Tabon tarin fuka yana iya riƙe iska a wani lungu na huhu, don haka sai da hoton ƙirji. Asma da ciwon sukari sai likitan nutso ya auna ya yanke. Kafin kwas za a miƙa masa takardar tambayoyin lafiya, ya amsa e ko a'a. Ba mai bincikar amsar. Ɗalibin shekara ta huɗu ya san isasshen likitanci da zai iya shawo kan kansa cewa abin da ya same shi yana yaro ba komai ba ne, ya rubuta a'a daga sama har ƙasa. Ba shi zai yi wa kansa hukunci ba.

Iyo kuma. Kafin a ba shi katin farko, wato shaidar cewa ya koyi nutso, yawanci sai ya yi iyon mita 200 ba tsayawa ba tare da wani abin taimako ba, ya kuma tsaya a saman ruwa mai zurfi minti 10. Wasu wuraren suna kau da kai a wannan jarrabawa don kada ciniki ya wuce su. Iyon gulbi, na bugun ruwa da kai a sama daga wannan gaɓa zuwa waccan, ba ya kai mutum mita 200, balle a teku mai igiya da gishiri mai shiga ido da hanci. Ruwan Bahar Maliya ya ma fi na yawancin tekuna gishiri. A Alƙahira akwai wuraren ninƙaya da malamai, wata biyu ko uku yana zuwa sau biyu a mako sun isa su canza shi. Ba ƙarfi ake nema ba, natsuwa ake nema. Akwai darasi guda da ke tona asirin kowa: ɗalibi ya durƙusa a kan yashi a mita biyar ko shida, ya cire gilashin fuskarsa gaba ɗaya. Ruwa ya rufe masa ido, ya tsaya a ƙofar hanci, shi kuma ya ci gaba da numfashi ta baki. Sannan ya mayar da gilashin, ya danne samansa da yatsu, ya ɗaga kai, ya huro iska ta hanci har ruwan ya fice ta ƙasa. Wanda ya saba da ruwa a fuskarsa yana yin wannan yana kallon malami. Wanda bai saba ba, da ruwa ya taɓa hancinsa sai jiki ya ce masa tashi, ya tofar da abin numfashi, ya riƙe iska, ya yi sama. Kun ga mun dawo kan yagewar huhu. Yawancin haɗarin sababbin masu nutso ta nan yake farawa, daga ƙaramin abu da firgici ya mayar babba. Maganar nan da ake jinginawa ga Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, ta isa hujja a wurin Hajiya cewa wannan kashi na farko ba shagala ba ne.

In ya tsallake waɗannan, sai zaɓen wuri. Manyan ƙungiyoyin da ke ba da kati su ne PADI, da SSI, da CMAS wadda aka kafa a 1959, Jacques Cousteau yana shugabanta na farko, shi ne kuma wanda ya ƙera na'urar numfashin nan tare da Emile Gagnan a 1943. Duk katin da ya samu cikinsu ana karɓarsa ko'ina, malamin ya fi katin muhimmanci. Kwas ɗin farko na PADI karatu ne, da darasi biyar a ruwa marar zurfi, da nutso huɗu a teku, iyakarsa mita 18. Ya nemi na kwana huɗu, ya guji mai cewa zai gama masa a biyu. Ya tabbata wurin yana da lasisin hukumar nutso ta Masar, CDWS. Ya tambayi ɗalibai nawa ne a hannun malami ɗaya, in sun wuce huɗu ya nemi wani wuri. Ya ce a nuna masa tukunyar oksijin ta gaggawa, ya gan ta da idonsa. Ya shinshina iskar tukunyarsa kafin ya shiga ruwa, in ya ji warin mai ko hayaƙi ya mayar, don injin cika tukunya da aka ajiye kusa da hayaƙin janareto yana cusa guba a ciki. Kuɗin da ya faɗa muku bai yi ƙari ba, a 'yan shekarun nan kwas ɗin yakan kama yuro 300 zuwa 400, wajen jika 200 zuwa 260. In ya zo muku da na rabin haka, araha ba ta ado. Ku ƙara masa na inshorar nutso, irin ta DAN, domin zama ɗaya a ɗakin matsi ya fi kuɗin kwas ɗin nesa.

Akwai alkawari guda da nake so ku karɓa daga bakinsa, da sunan wurin. A arewacin Dahab akwai wani rami a cikin murjani da ake kira Blue Hole, zurfinsa ya kai mita 100. A wajen mita 55 akwai wata ƙofa da ta ɓulle zuwa buɗaɗɗen teku, kuma neman ratsa ta ya ci mutane da yawa, har an lilliƙa allunan sunayensu a jikin dutsen bakin wurin. Daga mita 30 azot yana fara sa maye. Mutum ya ji daɗi, lissafi ya kuɓuce masa, ya ga ƙofar kamar ga ta nan, alhali iskarsa tana ƙarewa sau shida fiye da yadda take ƙarewa a sama. Da yawa daga waɗanda suka mutu a nan samari ne masu lafiya da suka ga sun fara iyawa. Ya yi muku alkawari ba zai wuce iyakar katinsa ba ko da abokai sun wuce, kuma ba zai taɓa nutso shi kaɗai ba.

Da azumi a bakinsa ma kada ya shiga. Hukuncin ruwan da ya kuɓuce wa mai azumi na malamai ne, ni ta fuskar jiki nake magana: ƙishirwa tana ƙara haɗarin kumfar azot, ga mai AS kuwa haɗari biyu ne. Haka kashegarin jarrabawa, bayan mako biyu yana kwana kan littafi da kofi. Ya yi barci kwana biyu tukuna.

Karatunsa fa? Ba na jin tsoro a nan. Daga Alƙahira zuwa Dahab tafiyar awa takwas ko tara ce a bas, ba wurin da zai riƙa zamewa kullum ba ne, aljihun ɗalibi ma ba zai bari ba. Abin lura kawai shi ne in ya fara maganar zama malamin nutso don ya samu na kashewa, nan ku taka masa birki har ya karɓi digirinsa. Riba kuwa akwai ta. Babin numfashi da narkewar iska a jini yana cikin masu wahalar da ɗaliban likita, wanda ya ji matsi a kunnensa ba ya sake mantawa da shi. Kafin kowane nutso mutum biyu suna duba kayan juna ɗaya bayan ɗaya, ko sun yi sau ɗari, kuma wannan ɗabi'a ita muke fama mu dasa wa matasan likitoci a ɗakin tiyata. Ɗakin matsin nan ma ba na masu nutso kaɗai ba ne, ana jinyar wanda hayaƙin gawayi ko na janareto ya sumar a rufaffen ɗaki, da wasu gyambunan masu ciwon sukari da suka ƙi warkewa.

Amma babbar ribar a wurina ta gida ce. Mun yi nisa da teku, duk da haka ruwa yana cin mutanenmu kowace damina, a gulbi, a tabki, a ramukan da aka haƙi ƙasar bulo ruwa ya cike su. Garin nan kansa ambaliyar 1945 ce ta tashe shi daga kwari ya hau tudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, yara ƙanana suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. In an tsamo yaro a nan, me ake yi? A ɗaga ƙafafunsa sama, a danna masa ciki wai ruwa ya fito, mintocin da za su cece shi suna wucewa. Abin da yake bukata iska ce: a kwantar da shi, a buɗe hanyar numfashi, a hura masa sau biyar, in bai motsa ba a shiga danna ƙirji ana hurawa. Haka rijiya. Mutum ya sauka yasa ya suma don babu iska mai kyau a ƙasa, ɗan'uwansa ya bi shi ba igiya ya suma, na uku ya bi. A matakin nutso na gaba, wanda ake kira na ceto, abin da ake fara koyarwa shi ne kada mai ceto ya zama gawa ta biyu. Likitan da ya koyi wannan da jikinsa, ya dawo yana iya tsayawa gaban liman da mai unguwa da malaman makaranta ya koya musu da Hausa, Maraɗi tana bukatarsa. In ya dawo dai kada ya kawo nutsonsa Madarunfa. Ruwan ba a ganin tafin hannu a cikinsa, ga tarun masunta, ga tsagiya.

Ina kuma so ku fahimci abin da ke jansa, don ba rashin hankali ba ne. Yaron da ya tashi cikin rairayi da ƙurar hunturu, ranar da ya sa fuskarsa cikin Bahar Maliya zai ga abin da bai taɓa zaton Allah ya halitta ba. Ruwan garau yake, ana hango mita ashirin ko talatin. Murjani ya yi katanga, dubban ƙananan kifaye ruwan lemo suna tsaye a gabanta, su shige tare su fito tare. Yana sauka ja yana ɓacewa, har in ya ƙuje yatsa a can ƙasa jinin kore-kore zai gan shi. Jikinsa ba nauyi, ya ja numfashi ya ɗan tashi, ya saki ya ɗan sauka. Karatun likita a ƙasar mutane yana da kaɗaici da gajiya da ba kowane yaro ke faɗa wa iyayensa ba, kuma cikin abubuwan da saurayi zai iya nema ya huta da su, wannan yana cikin masu tsabta.

Ku fara tura masa kuɗin elektroforez da hoton ƙirji da ganin likitan kunne, da na wata uku a wurin ninƙaya. Ya turo muku hoton sakamakon ta WhatsApp, ku kai wa likitan da kuka yarda da shi a nan ya karanta muku. Ya sa abokinsa ya ɗauke shi bidiyo yana iyon mita 200 ɗin daga farko har ƙarshe, Hajiya ta gani da idonta. In sakamakon ya fito SS ko SC, ko aka ga tabo a huhu, maganar tukunya ta ƙare, kuma gara ya ji daga bakin likita da ya ji daga naku. Ko a hakan ba a rufe masa teku ba. In likitansa ya yarda, yana iya sa gilashi da bututun numfashi da rigar da ke hana nutsewa ya kwanta a saman ruwa kusa da gaɓa, a Dahab murjanin yana farawa ne 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa.